Wahalar Komawa Gida Bayan Tseren Keke

Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne bayyana dalilin da ya sa komawa gida takan fi tafiyar kanta gajiyar da mahayin keke.

Alal misali, a watan Fabrairun 2020 an shirya tseren keke mai zango bakwai a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Bayan zango na biyar sai aka tsai da shi, saboda ana zaton ma'aikata biyu 'yan Italiya sun kamu da cutar korona. Aka ba Adam Yates na Ingila kambi, aka kuma killace mahaya a masaukinsu na Abu Dabi. Waɗansu ba su ga gida ba sai cikin watan Maris.

Abin lura a nan shi ne, muddin mutum yana bisa keke, tafiyarsa tana hannunsa, wato ya taka in ya so, ya huta in ya gaji. Da zarar ya sauka kuwa, sai ya koma hannun likita da jami'in kan iyaka da kamfanin jirgi, ga keken ya zama kaya, sai an kwance shi an sa a akwati. Bugu da ƙari, jikin da ya saba da motsi kullum zaman ɗaki yakan sanyaya shi, zuciya kuma ta riga ta isa gida. Shi ya sa jiran kwana ɗaya yakan yi masa nauyin mako. Da ma Bahaushe ya ce, aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi.