Yadda Iska da Ciyawa ke Juya Fatsa a Tabkin Okicobi

Tabkin Okicobi, wanda ke kudancin jihar Fulorida ta ƙasar Amurka, ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,900 a faɗi, amma matsakaicin zurfinsa bai cika mita uku ba, kuma wannan rashin zurfi shi ke tsara kusan duk abin da masu fatsa ke tararwa a cikinsa. Kifaye biyu ne suka ɗaukaka sunansa. Na farko shi ne bas, wato wani kifi mafarauci mai wawakeken baki, wanda galibi ake kamawa don nishaɗi ko gasa, a auna shi a mayar da shi ruwa. Na biyu shi ne kirafi, ƙaramin kifi mai faɗin jiki da ɗigo-ɗigon baƙi, wanda ke yawo garke-garke, shi kuwa don tukunya ake nemansa.

Kakar kifayen biyu takan faɗo ne cikin sanyi, daga wajen Nuwamba zuwa Maris ko Afrilu, lokacin da tabkuna da yawa na arewacin Amurka suka daskare, abin da ya sa masu fatsa daga can ke kwararowa kudu da jiragen ruwansu. Idan ɗumin ruwa ya kai kamar digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salsiyas, namijin bas yakan shiga gefen tabki inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ya share wani ɗan gurbi a ƙasa mai tauri tsakanin ciyayi ta hanyar kaɗa wutsiyarsa, macen ta zo ta zuba ƙwai ta tafi, shi kuma ya tsaya gadi har 'ya'yan su ƙyanƙyashe. A wannan tsakani ne ake kama manyan mata masu nauyin ƙwai, sau da yawa da ɗan kifi mai rai da aka maƙala a ƙugiya, kuma masu jagorantar baƙi a tabkin sun fi sa rai da kwanakin cikar wata da na tsayuwarsa. Kirafi yakan fara taruwa a buɗaɗɗen ruwa da bakin kogin Kisimi, wanda ke shigowa daga arewa, inda wasu ke kunna fitila da dare don ta jawo ƙananan halittun da kifin ke ci, sa'an nan ya matso cikin ciyawa idan zubin ƙwansa ya gabato.

Sai dai kalanda kaɗai ba ta isa ta shiryar da mai fatsa a irin wannan ruwa ba. Tabki mai zurfi yana da ƙasan da ɗuminsa ba ya saurin canzawa, wanda kifi ke fakewa a ciki, amma Okicobi ba shi da wannan mafaka, saboda haka iskar sanyi ta dare ɗaya daga arewa takan sauke ɗumin ruwan ƙwarai, bas ya cusa kansa cikin duhun ciyawa ya ƙi cin komai na kwana biyu ko uku. Iskar kuma takan tayar da igiyar ruwa da ke kaiwa har ƙasa, ta motsa lakar da ke shimfiɗe a tsakiyar tabkin, ta tura ruwa mai dauɗa zuwa gaɓar da take fuskanta. Kasancewar kifayen biyu da ido suke farauta, gwanin wurin ba ya tambayar wane wata ake ciki kafin ya tambayi ina iska ta kwana, domin ruwa mai tsabta yana bayan katangar ciyawar da ta tace shi.

Ita ciyawar kuwa rayuwarta na rataye ne da tsayin ruwa, wanda yanzu yake hannun mutane. Bayan mahaukaciyar guguwar 1928, wadda ta halaka aƙalla mutum 2,500 a kewayen tabkin, an zagaye shi da ganuwar Herbert Hoover mai tsawon kimanin kilomita 230, kuma sashen injiniyoyi na sojan Amurka ne ke buɗe ƙofofinta da rufe su. Idan ruwa ya daɗe a sama, hasken rana ba ya isa ƙasa, ciyawar da ke tsirowa a nutse ta mutu, ƙananan kifaye su rasa maɓoya. Haka ta faru bayan guguwowin 2004 da 2005, inda ruwan ya daɗe a gurɓace. Farin 2007, wanda ya sauke tabkin ƙasa ainun, ya hana jirage da yawa fita, amma ya ba ciyawa damar farfaɗowa, kamun kifi kuma ya gyaru a shekarun da suka biyo baya. Wannan ya sa masu fatsa da yawa suka fi tsoron cikar tabkin fiye da janyewarsa, ra'ayin da ba lalle ne manoman rake na kudancinsa, masu buƙatar ruwan ban ruwa, su yarda da shi ba.

Damina, daga Yuni zuwa Oktoba, ba ta da dogon bayani. Zafi yakan taƙaita fatsar bas zuwa sanyin safiya, hadari mai tsawa yakan kori jirage da la'asar, kirafi ya watsu cikin buɗaɗɗen ruwa, kuma a wasu shekaru, kamar 2016 da 2018, koriyar gansakuka mai guba, wadda sinadarin fosfaras da ke gangarowa daga gonaki da garuruwa ke ciyarwa, takan lulluɓe sassan tabkin masu yawa.