Randa da Igiyar Shanya

Duk wadda ta taɓa yin wanki a lokacin marka ta riga ta san dalilin da ya sa randa ba ta sanyi a Legas, ko da ba ta taɓa taka garin ba. Da hunturu, kafin ki ɗauraye zanen ƙarshe, na farko ya bushe a kan igiya. A watan Agusta kuwa riga sai ta kwana biyu da danshinta, har ta soma wari.

Randa ma shanya take yi. Jikinta na yumɓu ne mai ƙananan kafofi, ruwa ya tsattsafo waje, iska ta kwashe shi, kowane ɗigon da ya tashi kuma ya tafi da ɗan zafin ruwan da ke ciki. Aikin da gumi ke yi mana ke nan. A kan wannan hikima Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Dutsen Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da tsumma mai laima. Yalon da kan lalace a kwana 3 sai ya kai kwana 27, har aikin ya ci masa kyautar Rolex a 2000.

To amma jiƙaƙƙen tsumma ba ya goge ruwa. Iskar Kano da hunturu danshinta kan gaza kashi 20 cikin 100, ƙishirwa gare ta; ta Legas kan haura kashi 80, ta riga ta sha ta ƙoshi. Randa za ta yi ta gumi babu mai karɓa. Shi ya sa nake jin takaici idan aka ce wa mai tumatir a Agege ya sayi tukwanen nan, ba tare da an gaya masa wannan ba.

A irin wannan wuri sai a koma ga abin da mai wanki ke yi da damina: ta nemi inda iska ke kaɗawa. A ajiye randa a inuwa, a bakin taga, nesa da kwanon rufi da murhu. Abin da sanyi ya kasa kuma a bar wa wuta. Miya a tafasa ta safe da dare, kifi a yi masa banda, nama a soya shi ya bushe. Goro ne kawai wannan laima ta yi wa daɗi, shi da fatake ke naɗewa cikin ɗanyen ganye don kada ya bushe kafin ya isa Arewa.