Shaidar Kiyashi

Uwargida ta wanke kofin shayi ta kife, ido ya ce ya fita tas. Da hantsi sai ga kiyashi sun yi jerin gwano a bakinsa. Ba sai ta lasa ba, ta san akwai sauran sukari.

Da irin wannan shaidar masana tsirrai ke aiki, sai dai nasu kiyashin shi ne irin wuta-wuta, ƙudujin nan da ke tsotse dawa da gero. Ƙwayarsa kamar ƙura take, tana iya kwantawa a ƙasa fiye da shekara 10 ba ta motsa ba, ko da damina ta yi albarka. Abin da take jira shi ne wani sinadari da saiwar amfanin gona ke fitarwa, sitirigolakton. A 1966 aka fara tace irinsa daga saiwar auduga a Amurka. Ba don wannan ɓarawon tsiro ke yin sa ba: a 2008 aka gane cewa da shi yake ƙayyade yawan rassan da zai fitar.

To, sinadarin kaɗan ne ƙwarai, auna shi sai injuna masu tsada. Shi ya sa ake tambayar ɓarawon da kansa. A wanke ƙwayoyin, a barbaɗa su kan 'yar takarda mai laima a cikin faranti, a rufe a duhu da ɗumin kusan digiri 30 na wajen mako biyu. Wannan jiƙon dole ne. Busasshen iri ko an tsoma shi cikin sinadarin ba zai kula ba. Sannan a ɗiga ruwan da aka wanko daga saiwar da ake bincike. Faranti ɗaya a ba shi ruwa zalla, wani kuma GR24, kwaikwayon da aka haɗa a ɗakin gwaji, don a sami ma'auni. Bayan kwana ɗaya ko biyu a duƙa kan madubin ƙara girma, ana ƙirga waɗanda suka turo farin tsinin saiwa ɗaya bayan ɗaya. Aikin cin ido ne, wallahi.

Amma kiyashi ba sukari kaɗai ke tara su ba, har maiƙon miya. Haka wuta-wuta: iskar etilin ma tana tayar da shi, kuma sinadarin da ya burge shi ba lallai ya hana tsiro irin su shinkafa yin rassa ba. Wannan sai an koma kan shinkafar an gwada dabam.

Ƙwayoyin da suka farka a farantin kuwa, sun fito cin biki ne a gidan da ba a ɗora tukunya ba. Cikin 'yan kwanaki guzurinsu ke ƙarewa, su mutu a kan takardar.