Idan Yaro Ya Nemi A Yi Masa Bikin Ranar Haihuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, akwai wata buƙata da ta yawaita a gidajenmu, daga Yamai har Maradi da Damagaram. Yaro mai shekara 14 ko 15 zai dawo daga lakkwal ya ce wa mahaifiyarsa: "Mama, ina son a yi mini aniversar." Ba kuma gato kaɗai yake nufi ba. Biki yake so mai jigo, inda kowa zai sa tufa launi ɗaya, a ƙawata ɗaki da hotunan wani ɗan ƙwallo ko mawaƙi, kamar yadda ya gani a wayar abokansa. Uwa takan ce a jira Baba, Baba kuma ya ce haramun ne, a ɗauka magana ta mutu. Sau da yawa kuwa ba ta mutu ba, gidan aboki aka kai ta, inda babu idon babba.

Malamai sun saɓa a kan wannan biki. Shehu Ibn Baz, wanda ya rasu a 1999, ya yi fatawar cewa bidi'a ne da koyi da waɗanda ba Musulmi ba. Darul Ifta ta Masar kuwa ta halatta shi idan an yi shi don godiya ga Allah, babu saɓo a ciki. Mai gidan da ya bi fatawar hani, ya zaunar da ɗansa ya bayyana masa dalili, sannan ya yi masa alkawarin walima ranar saukar Alƙur'ani ko cin jarrabawar BEPC. Wanda ya bi ɗaya fatawar, shawararmu gare shi ita ce kada ya bar wa waya zaɓen jigo.

Shekara 15 kanta jigo ce babba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya gabatar da kansa ranar Uhudu yana da shekara 14, Manzon Allah (SAW) ya mayar da shi gida. Ranar Handaƙu, yana da 15, sai ya karɓe shi. Da labarin ya isa ga Halifa Umar ɗan Abdul'azizu, sai ya riƙe shi a matsayin iyaka tsakanin yaro da babba. A kan wannan Shafi'iyya suka dogara wajen ƙayyade balaga da shekara 15 idan alamominta ba su bayyana ba, mu kuwa Malikiyya abin da ya shahara a wurinmu 18 ne. Da shekarar Hijira ake wannan lissafi, ita kuwa ta gaza ta Miladiyya da kwana 11. Ke nan kafin takardar haihuwa ta nuna 15, yaro ya cika ta da fiye da wata 5.

To, a gina taron a kan haka. A bar yaron ya zaɓi sahabi ɗaya da ya yi fice tun yana matashi, ya shirya tarihinsa ya karanta wa baƙinsa. Ga Zaidu ɗan Sabitu, wanda yake da shekara 11 lokacin Hijira, ya koyi rubutun Yahudawa cikin kimanin rabin wata bisa umarnin Annabi, daga baya Sayyidina Abubakar ya ɗora masa tattara Alƙur'ani. Yarinya kuma ga Nana A'isha, wadda manyan sahabbai suka riƙa komawa gare ta neman ilimi. Bayan karatu a yi kacici-kacici da ƴar kyauta ga wanda ya ci, domin taron yara ne, ba majalisar wa'azi ba.

Game da kuɗi, mai gida ya faɗi tun farko jika nawa zai iya kashewa, kuma kada a ci bashi. A miƙa wa yaron lissafin, shi zai je kasuwa, shi zai dawo da canji, tunda girma muke ce masa ya yi. Dambun zogale da fanke da zoɓo sun wadatar. A fitar da rabon maƙwabta da almajirai kafin baƙi su iso.

A yi taron a gida, tsakanin la'asar da magariba, a tashi kafin kiran salla. Idan na namiji ne abokansa maza za su zo, mahaifi ko kawu na kusa, idan na mace ne ƙawayenta, uwa ko goggo na tare da su. A kuma yi yarjejeniya cewa ba a sa hoton ɗan kowa a WhatsApp ba tare da izininsa ba.

Daga ƙarshe, kada iyaye su raina kalmar da za su faɗa a wurin. Yaron da ya ji mahaifinsa ya yabe shi gaban abokansa, ya sa masa albarka, ya gaya masa cewa daga yau sallarsa da azuminsa a wuyansa suke, zai daɗe yana tunawa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa su zama sanyin idanunmu. Amin.