Wane Injin Ruwa Ya Dace Da Kiwon Kifi A Gida?

A Unguwar Lalle da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa, injin fetur mai inci 2 ko 3 sananne ne wajen masu noman rani a fadamar Rima. To amma mai tankin tarwaɗa a tsakar gida ya yi hattara, wannan inji ya fi ƙarfin aikinsa, ga shan mai. Kuma ba ya iya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce kamar mita 7 zuwa 8.

In rijiyar na da zurfi, sai injin da ake zurawa cikin ruwa, wato sumo, musamman mai aiki da hasken rana, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Kada a ruɗu da yawan litar da aka rubuta a kwali, domin ruwan na raguwa gwargwadon tsayin da zai hau. A sa masa rariya saboda yashi, kuma kada ya yi aiki babu ruwa, ƙonewa zai yi.

Da bazara, in zafi ya haura digiri 40, iskar cikin ruwa kan ragu. Tarwaɗa na jurewa don tana shaƙar iskar sama, amma karfasa sai an riƙa motsa mata ruwa, musamman da asuba.