Yadda Muryar Nesa Take Isowa Kano

Duk wanda ya bi ta Gyadi-Gyadi ko Tarauni da asuba zai tarar da mutane a teburin mai shayi sun kewaye akwatin rediyo. Sashen Hausa na BBC ya soma watsa shiri a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979. Dattawanmu kuma ba su manta da Muryar Bishara ba, wadda ake shirya ta a Jos, a watso daga Addis Ababa, har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977. To, 'yan'uwa, ta yaya murya take tsallake dubban kilomita, alhali duniya a kewaye take?

Amsar tana can sama. Daga kamar kilomita 60 zuwa sama, hasken rana yana sa iskar wurin ta ɗauki lantarki. Igiyar gajeren zango in ta isa wannan shimfiɗa sai ta lanƙwaso ƙasa, ƙasa ta sake mayar da ita sama, har ta iso mu.

A 1901 Marconi ya kama sigina daga Ingila yana hayin Tekun Atlantika, masana suka rasa dalili. A 1902 Kennelly da Heaviside suka ce lalle akwai abin da yake maido da ita. Appleton ya tabbatar da haka a 1924, ya auna tsayin wurin kusan kilomita 100. A 1925 Breit da Tuve na Amurka suka riƙa harba sigina sama suna ƙirga lokacin dawowarta. Wannan dabara ce Watson-Watt ya juya kan jiragen sama a 1935, aka sami rada, irin wadda take lura da jirage a filin jirgin Malam Aminu Kano.

Ga amfanin sanin wannan. Da rana sashen ƙasa na shimfiɗar yakan shanye dogayen igiyoyi, da dare kuwa yakan ɓace. Saboda haka da rana ku nemi mita 16 ko 19, da dare ku koma 41 ko 49. In murya tana tafiya tana dawowa, kada ku yi saurin kai akwatin wurin mai gyara. Sau da yawa sama ce take motsi, akwatinku lafiya lau.