Kafin a sake dasawa, me ya kashe na bara?

Kowace 3 ga Agusta a Nijar hukumomi kan fito a dasa itatuwa, a ɗauki hoto, a faɗi adadi a rediyo. Kafin bazara ta ƙare, ramuka da yawa a garuruwan Adar irin su Tebaram babu komai ciki sai busasshen tsinke. Da ka tambaya sai a ce fari ne, jihar Tahoua ba ta da ruwa. Amsar nan ce ke ba ni haushi, domin ita ke sa a maimaita aikin bara ba tare da an gyara komai ba.

A fara daga dashen da ya mutu, a bi sawu baya. Ya bushe ne don saiwarsa ba ta sami laima ba. To ai an yi ruwa, ina ya tafi? Ƙasar fako ce, ta daskare, ruwan ya zame a kanta ya gangara korama da ɗan takin da ya rage. Mai tulu mai yoyo ba ƙarin guga yake buƙata ba. Manoman Illela da aka kai Yatenga ta Burkina Faso a 1989 nan suka kama bakin zaren. Suka dawo suna haƙa tassa: ƙaramin rami, a tara ƙasar da aka fitar ta ɓangaren gangare, a zuba taki ciki. Ramin ya tare ruwa, takin ya jawo gara, gara ta huda ƙasa ruwan ya nutse. Fakon da aka yi watsi da shi ya ba da gero, har aka koma sayensa da kuɗi.

Dashen da ya tsira daga ƙishi kuma, akuya na jiransa da rani, tunda ba na kowa ba ne. Wannan ne babban dalili. Shekaru da yawa doka ta ɗauki itacen gona a matsayin na gwamnati, manomi ya sare reshe ma'aikatan gandun daji su ci shi tara. Wa zai yi rainon abin da zai jawo masa tara? Sai ya riƙa sassabe tohon tun yana ƙarami. A Maraɗi, a 1983, wani mai suna Tony Rinaudo ya lura kututturan kalgo da sabara da ke gonaki suna da rai, saiwarsu ta riga ta yi nisa. A zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi, a rage sauran, shi ne sassabin zamani. An ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo ta haka a Nijar, kuma a 2020 gwamnati ta amince manomi ya mallaki itacen da ya raina.

Don haka, hukumomin garuruwa, kafin ku yi odar dashen bana, ku aika a ƙirga na bara da ke raye, a gaya wa jama'a abin da ya kashe sauran.